Darasi na 12: Zaɓen Salon Ɗinki da Launin Zare ga Bargon Ƙyallaye

A darasin da ya gabata kowa ya gama harhaɗa ƙyallayensa, ya goge su, ya daidaita gefuna. Abin da ke hannunku yanzu fuskar bargo ce, ba ta zama bargo ba tukuna. In aka jefa ta a ruwa yadda take, bakin ƙyallayen zai yi ta zazzagewa ta baya, ba a jima ba mahaɗan su fara buɗewa. Sai an sa mata ciko a tsakiya da shafi a baya, sannan a bi su da ɗinkin da zai ratsa ukun ya ɗaure su wuri guda. Wannan ɗinki shi muke kira ɗinkin lifidi a littafin nan. Yau ba za mu hau keke ba. Shawara biyu za mu yanke: ta ina ɗinkin zai bi, kuma da wane zare.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Kotobabi ko Nima ko Mamobi, musamman daf da Sallah, zai ga buhun ƙyallaye a ƙarƙashin teburin yanka. Maƙwabtanmu Tonawa sun daɗe suna haɗa irin waɗannan ragowar atamfa su yi zane ko riga, suna kiran aikin asasawa. A Senegal kuma, mabiya Shehu Ibra Fall, waɗanda ake kira Baye Fall, da rigar ƙyallaye aka san su. Haɗa ƙyalle da ƙyalle dai kowa ya gan shi.

Cusa ciko a tsakiya a ɗinke shi ma tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi tufa ne mai ciko da ake sa wa doki da mahayinsa don kare kibiya da sara, kuma har gobe 'yan lifida suna fitowa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau. Da audugar rimi ake cika shi. Wanda ya taɓa cika matashin kai da audugar rimi ya san halinta: santsi gare ta, ba ta kama juna, motsi kaɗan sai ta gangara ta taru a gefe guda. Shi ya sa maɗinkan lifidi suke jera layukan ɗinki kusa da kusa, kowane layi ya tsare audugar da ke gefensa. Adon da ido ke gani a jikin lifidi daga wannan larura ya fito. Ku riƙe wannan, don a kansa darasin yau ya tsaya: aikin ɗinkin na farko riƙewa ne, ado daga baya yake zuwa.

Sauran duniya ma haka abin ya faro. Matan Bengal, a Indiya da Bangladash, suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke da hannu, su kira shi kantha. Manoman Japan suna ƙarfafa tufafin da aka rina da baba da farin zare mai kauri, wato sashiko. A wani ƙauyen baƙaƙen fata mai suna Gee's Bend, a jihar Alabama ta Amurka, mata sun yi ta haɗa barguna da tsofaffin kayan aikin gona don maganin sanyi, sai ga shi a 2002 an rataye bargunan a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, mutane suna zuwa kallo.

Wa zai yi amfani da shi, yaya za a wanke shi?

Masu koyo sun fi son su fara da tambayar wane salo ya fi kyau. Wannan tambaya a ƙarshe take. Ku saurari yadda wata gogaggiyar maɗinkiya take karɓar aiki:

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wa za a yi wa?"

"Jikata ce ta haihu, 'yata. So nake na kai ranar suna."

"Allah Ya raya. Na shimfiɗa wa jaririn ne, ko na ajiya?"

"Na shimfiɗa. Kin san yara, kullum sai an wanke."

"To Hajiya, ciko marar nauyi za mu sa, ɗinkin kuma layi-layi, kada ya yi tauri ya dame shi. Zaren ƙyalƙyalin nan da kika nuna kuwa mu bar shi, ba ya jure wanki."

Tambaya biyu ta yi, amma rabin shawarar ta yanku. Shimfiɗar jariri tana shan wanki da cuɗa a baho, a matse ta, a shanya a igiya. Murfin gadon amarya ba ya shan wahala haka, ido ne ya fi yawa a kansa. Jaka da abin ɗaukar tukunya mai zafi tauri ake so su yi, saboda haka ɗinki mai yawa alheri ne gare su. Abin rufa kuwa laushi ake nema, kuma duk layin da aka ƙara yana rage laushin.

Sai yanayin gari. Akra ba Jos ba ce. Zafi da gumi ne kusan duk shekara, hunturun Disamba da Janairu ma ba ya kai na Tamale ko Bolga. Bargo mai kaurin ciko a nan, in an wanke shi a watan Yuni ana tsakiyar ruwa, zai kwana a igiya bai bushe ba, ya soma warin danshi. A ganina babu cikon da ya fi dacewa da mu irin tsohon zanen gado na auduga, ko siririn bargon nan mai laushi da ake naɗe jarirai. Ana samun su a gwanjo a Kantamanto. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 a juji suke ƙarewa. Gobarar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar a farkon Janairun 2025 ta girgiza 'yan kasuwa ƙwarai, amma sun sake kafa rumfuna, ciniki ya dawo. In kun sayo, ku wanke kafin ku yanka. Tsohon yadi ya riga ya gama tsukewa, wannan ma wata riba ce, don sabo yakan tsuke a wankin farko ya jawo fuskar bargon ta tattare.

Tazarar layi

Ciko ne yake faɗin tazarar da za a bari tsakanin layi da layi. In zanen gado ne, shi saƙaƙƙe ne, ba ya tsinkewa ya dunƙule, ana iya barin inci 4 ko ma 5. In sakakkiyar auduga ce da aka shimfiɗa da hannu, kada a wuce inci 2. Cikon roba na kanti, wanda ake sayarwa a naɗe, yawanci kamfanin yakan rubuta iyakar tazarar a jikin ledarsa; in babu rubutu, ku tsaya a inci 3 zuwa 4. Ma'auni mai sauƙi, in ba zanen gado ne cikon ba, shi ne tafin hannu: ku ɗora shi ko'ina a kan bargon, in ya zauna bai taɓa ɗinki ba, wurin ya yi faɗi da yawa.

Kuma yawan ɗinkin ya zama bai ɗaya a duk faɗin bargon. In aka cika shi a tsakiya aka bar gefe fayau, tsakiyar za ta tsuke, gefen ya yi ta lanƙwasa, ko an goge ba zai kwanta ba.

Salon ɗinki

Yanzu ku shimfiɗa fuskar bargon a kan tabarma, ko ku rataye ta a igiya, ku ja da baya kamar taku biyar. Me ido ya fara kamawa?

Yawancin abin da muke haɗawa a nan atamfa ce, ta GTP da ake bugawa a Tema, ko ta ATL ta Akosombo, ko mai araha da ake shigowa da ita daga Sin. Atamfa kuwa ba ta iya shiru ba. Ƙyalle ɗaya yana ɗauke da launi uku ko huɗu da manyan zane, ga shi kun haɗa ashirin wuri guda. A irin wannan fuska, atamfa ce mawaƙiya, zare ɗan amshi ne, kuma ɗan amshi ba ya ɗaga murya sama da mai waƙa. Kuskuren da ya fi yawa a aji shi ne mutum ya ɓata kwanaki yana zana furanni da ganye a kan atamfa mai hayaniya, ya gama, a tsaya daga bakin ƙofa ba a ganin komai. Wahala ta tafi a banza, atamfar ta haɗiye ta.

Fuska mai hayaniya miƙaƙƙen layi take so. Na farko shi ne bin mahaɗa, wato allura ta riƙa sauka daidai cikin kwarin da ƙyalle biyu suka haɗu, ta gefen da ya fi kwanciya. Ɗinkin yana ɓuya, ƙyallayen su fito sarai. Sai dai yana son hannu tsayayye, domin da an kauce kaɗan ake gani, kuma in da kun buɗe mahaɗan biyu lokacin guga, zare kawai allurar za ta taka, ba yadi ba, ɗinkin ba zai yi ƙarfi ba. Ga mai koyo na fi son a matsa gefe da faɗin ƙafar keke, kamar kwatan inci, a bi mahaɗar a jere. Ƙafar keken ita ce ma'auninku, ba sai kun zana komai ba.

Na biyu shi ne layuka a jere daga sama har ƙasa, ba ruwansu da inda ƙyalle ya fara ko ya ƙare. Na uku, a ƙara wasu a gicciye su ba da gida-gida, ko a karkace su ba da siffar lu'ulu'u. Na karkace ya fi kyau a kan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, don yana karya jerin akwatunan, ido ya samu wata hanya. Amma ku sani yadi ya fi miƙewa ta karkace, saboda haka kada ku ja shi, ku bar keken ya ci da kansa.

Akwai kuma layi mai lanƙwasa, yana tafiya yana karkata dama da hagu a hankali. Shi ne abokin wanda hannunsa bai zauna ba, tunda babu mai cewa ya karkace. Yana kuma tausasa fuskar da kusurwoyi suka yi mata yawa. Ka'idar da masu sana'ar suke bi ke nan: in haɗin ƙyallayen duk kusurwa ne, a ba shi lanƙwasa, in zanen atamfar duk da'ira ne, a ba shi miƙaƙƙe.

To ina mai son ado zai nuna gwanintarsa? A filin da babu zane. In kun sa shadda ko farin yadi ko baƙi a tsakanin atamfofin, ko kun kewaye bargon da faffaɗan gefe marar zane, nan ne ɗinki yake magana a ji shi. Kuma ba sai kun je neman salo a waya ba, ga shi a gida. Ku dubi babbar rigar maigida ko ta liman ranar Juma'a: ga asake masu tsini na aska biyu da aska takwas, ga da'irar tambari tana naɗe kanta, ga dagi mai sarƙaƙiya. Ku dubi wuyan batakari da ake kawowa daga Daboya da Yendi. Ku dubi atamfar nan da matan kasuwar Makola ke kira nsubura, mai da'ira cikin da'ira. In akwai ta a cikin ƙyallayenku, ku ɗauki da'irarta ku maimaita a filin da ke kusa, kowace ta fi ta cikinta da rabin inci, sai a ga kamar zanen ne ya fantsamo waje. Masu ɗinkin babbar riga sun san darajar fili: aikin yana taruwa a ƙirji da aljihu da baya, sauran rigar a bar ta ta huta. Aska ta fi sauƙi a keke, tunda miƙaƙƙun layuka ne masu haɗuwa a tsini. Dagi da tambari sun fi son hannu, ko keke a hankali ana tsayawa ana juya yadin da allura a ciki.

Abin da kekenku zai iya shi ma shawara ce. Butterfly na hannu ko na ƙafa, wanda yawancinmu muka koya da shi, haƙoransa na ƙasa ne kawai ke jan yadi, yadin da ke sama yana ja da baya kaɗan. A kan shimfiɗa uku wannan yakan haifar da tattara. Maganinsa a sassauta dannawar ƙafar ta madannin da ke saman keken, a tsawaita taku zuwa kamar 8 ko 9 a inci guda, a kuma kafe shimfiɗun da fil ko dogon ɗinkin wucin gadi kafin a fara. A fara daga tsakiya a nufi gefe. Babban bargo ba ya juyuwa cikin ɗan ramin hannun keke, don haka duk salon da zai sa ku riƙa juya shi a kowane inci, ku bar shi sai a ƙaramin aiki.

Kafin ku taɓa fuskar da alli, ku gwada salon a kan farar leda mai nuna ciki. A shimfiɗa ta a kai, a zana da maka, a ja da baya a duba, in bai yi ba a ɗauko wata. Ku naɗe bakin ledar da salatif mai launi don kada hannu ya zarce ya zana a kan yadin. In an tsai da shawara, a zana da allin tela ko siririn guntun sabulu. Biro kuwa ko kusa, ba ya fita.

Launin zare

Nan ne ake yawan yin asara a shagon kayan ɗinki. Mutum ya ɗauki ƙullin zare ya ɗora a kan yadi, ya ce ya yi ko bai yi ba. Zare a naɗe yaudara ne: ɗaruruwan sili ne a kan juna, launin ya fi ƙarfi da duhu. Abin da zai hau bargonku sili ɗaya ne. Ku warware kamar yadi guda, ku zuba shi a kan fuskar ya kwanta yadda ya ga dama, ya ratsa ƙyalle mai haske da mai duhu da mai ja. Ku yi haka da zare uku ko huɗu gefe da gefe, ku ja da baya. Sau da yawa zaren da ya ba ku tsoro a naɗe, da an warware shi sai ya lafa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku tafi kasuwa da fuskar bargon a jaka, ko aƙalla ragowar ƙyallayenta, kuma ku fito bakin shago ku duba a hasken rana. Farin ƙwan lantarki yana sauya launi, fitilar waya ranar da aka ɗauke wuta ta fi shi ɓarna.

Tambayar ita ce, so kuke zaren ya ɓuya ko ya fito?

In ɓuya ake so a kan fuska mai launuka da yawa, ba za a samu zaren da ya dace da kowane ƙyalle ba, kuma ba a bukata. A nemi mai tsaka-tsaki. Ruwan toka marar duhu yana zama lafiya da shuɗi da kore da shunayya. Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan zuma yana zama da ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa. Fari tas da baƙi ƙirin, waɗanda hannu ya fi saurin kaiwa gare su don su ne kullum a kan keke, su ne suka fi tona asiri: farin yana ihu a kan ƙyalle mai duhu, baƙin yana zama kamar an ja layi da biro a kan mai haske. In an rasa yadda za a yi tsakanin zare biyu, a ɗauki wanda ya ɗan fi haske. Zare mai haske a kan yadi mai duhu ido yana yafe masa, amma mai duhu a kan yadi mai haske duk inda hannu ya girgiza sai ya nuna.

Ga wata dabara da waya. Ku ɗauki hoton fuskar da zarurrukan a kanta, ku mai da hoton baƙi da fari. Launi ya tafi, saura haske da duhu. Zaren da ya ɓace a hoton shi ne zai ɓuya a bargon, ko da launinsa dabam ne.

In kuwa so ake ya fito, to a fito da shi da gangan, kada ya zama rabi da rabi. Farin zare mai kauri a kan yadin da aka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, abu ne da ba ya tsufa. Tsofaffin rigunan saƙi da aka yi wa aiki da zaren tsamiya, mai launin ƙasa-ƙasa, wannan hikimar ce: launi ɗaya a kan launi ɗaya. Amma mai son zarensa ya fito ya tabbata takunsa daidai yake, don ya gayyato ido.

Kauri ma yana cikin lissafi. A lambar da ake rubutawa a jikin zaren auduga, yadda lamba ta fi girma haka zaren ya fi siranta: 50 siriri ne, yana nutsewa cikin yadi, 40 ya ɗan fi fitowa, 12 mai kauri ne, na ɗinkin hannu da manyan taku. Allurar keke lamba 14 tana ɗaukar na 50 da na 40 a kan shimfiɗa uku. Zaren roba, wato poliyesta, shi ya fi yawa a kasuwa, yana da ƙarfi, yana jure wanki, sai dai dutsen guga na gawayi in ya yi zafi sosai yana iya narkar da shi. Zaren aiki mai sheƙi da ake yi wa kaftani ado da shi a injin, mafi yawansa rayon ne, ƙarfinsa yana raguwa in ya jiƙe, bai kamata a ɗora masa nauyin riƙe bargo ba. Jan zare da baƙi da shuɗi mai duhu, in ba ku san kamfanin ba, ku jiƙa guntu ku matse cikin farin ƙyalle ku gani ko yana zuba.

Kada a manta da zaren ƙasa. Mafi aminci shi ne ya zama launi ɗaya da na sama. In sama fari ne ƙasa baƙi, ko yaya ɗaurin keken ya kauce, ɗigo-ɗigon baƙi zai leƙo a fuska, na fari ya leƙa a baya. Saboda haka shafi da zare tare ake zaɓensu. Shafi mai ƙananan zane yana rufa wa mai koyo asiri, marar zane kuwa yana nuna kowane taku, har inda aka tsaya aka sake farawa. Ku yanka shafin da cikon su zarce fuskar da inci 3 a kowane gefe, don ɗinki yana cin yadi.

Launi yana da ma'ana a unguwa

A Zango muke, amma ba mu kaɗai ba ne a garin, kuma masu sayen kayanmu ba duka Musulmi ba ne. A wurin Tonawa da 'yan ƙabilar Ga, ja da baƙi tare kayan makoki ne. Fari kuwa na farin ciki ne, shi mai jego take sawa ranar fitar da jariri. Kada ku ɗinke shimfiɗar jaririn maƙwabciya da jan zare a kan baƙin gefe, komai kyansa a idonku. Lokacin zaɓe kuma, ja da fari da shuɗi tare jam'iyyar NPP ake gani, in kore da baƙi suka haɗu da ja da fari an ce NDC. Ja da rawaya da shuɗi na ƙungiyar ƙwallon Hearts of Oak ne, kuma mai goyon bayan Kotoko ba zai gode muku ba. Ku tambaya kafin ku yanka zare.

In sallaya ce, a sassauta ado. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahm aka karɓo marar zane, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Layuka a jere da zaren da ya saje sun wadatar, a kuma duba ƙyallayen kada a sa mai hoton tsuntsu ko dabba.

Lissafin zare da na lada

Mu ɗauki shimfiɗar jariri mai faɗin inci 40 da tsawon inci 50. In za a ja layi a tsaye duk bayan inci 2, layi 19 ke nan a ciki. Sau 50, ya zama inci 950, wato yadi 26 da ɗoriya, tunda inci 36 ne yadi guda. Keke zare biyu yake ci, sama da ƙasa, ya zama wajen yadi 53. A ƙara kwata saboda kaurin shimfiɗun da bakin zare da abin da za a farke, a ce yadi 66. In aka ƙara layukan gicciye, 24 ne sau 40, wato inci 960, aikin ya ninka. In aka matse tazarar zuwa inci 1, ya sake ninkawa.

Zaren ba shi ne tsadar ba, ƙulli ɗaya ya isa wannan har da saura. Lokacinku ne yake ninkawa. Mai kaya in ta ce a yi mata gida-gida ƙanana, ku yi wannan lissafi a gabanta kafin a yi ciniki, don kuɗin layi 19 dabam, na layi 43 dabam. Ku kuma sayi zaren da zai isa gaba ɗaya a rana ɗaya. In ya ƙare a tsakiyar aiki, wanda za ku samu a mako mai zuwa ba lalle rininsa ya zo daidai ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa layukan lifidi suke kusa da juna?
2. Wata ta haɗa atamfa kala goma, tana so ta ɗinka furanni a kai da farin zare. Wace shawara za ku ba ta, kuma da wane dalili?
3. Murfin gado mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80, layi a tsaye duk bayan inci 4. Layi nawa ne, kuma yadi nawa na zare keke zai ci sama da ƙasa?

Aikin gida

Daga ragowar ƙyallayenku, kowa ya haɗa ɗan gwaji mai inci 12 a kowane gefe, da irin cikon da shafin da zai sa a bargonsa. A raba shi biyu da alli: rabi a ɗinke da salo ɗaya da zare ɗaya, ɗaya rabin da wani salon da wani zaren. A wanke shi da sabulu kamar yadda za a wanke bargon, a shanya, kada a goge. A auna shi bayan ya bushe, a rubuta nawa ya tsuke. Ku zo da shi mako mai zuwa tare da fuskar bargon, da shafi, da ciko, da fil kamar 50, za mu kafe shimfiɗun a aji.